Jiƙon Dogon Yaro

Da hantsi majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya kira komisariya, ofishin 'yan sandan Dakoro. Ya ce an kawo wani dattijo ya cika a hannunsa, kuma mutuwar ba ta kwanta masa a rai ba.

Enspekter Zakariya ya hau moto, wato babur, ya tafi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son gaggawa. Ya tarar an lulluɓe gawar da zane.

"Wane ne?"

"Malam Mahamadu mai garka," in ji majo. "Ɗansa Sa'adu ya kawo shi bisa moto. Na tambaye shi ko tsohon ya ci wani abu ko ya sha, ya ce a'a, hawan jini ne. Na bi ta nan. Sai daga baya na ga kumfa na hita bakinsa, na ji warin piya-piya, maganin ƙwarin nan. Mushe Enspekter, muna da allurarsa. Da an hwaɗa mini tun shigowarsu, ƙila da yanzu wata magana muke."

Zakariya ya san mamacin. Kusan duk garin an san shi. A bayan gidansa yake da 'yar garka, salati da shu, wato kabeji, da karoti da tumatir, kuma tun da ya fara ta bai taɓa zuba mata takin zamani ko maganin kwalba ba. Kashin awaki, toka, sai ruwan dogon yaro. Ga shi maganin da ya ƙi a garkarsa an same shi a cikinsa.

Gidan ya cika da mata ana kuka. Zakariya ya yi gaisuwa ya wuce bayan ɗaki. Garkar ba ta da girma, an kewaye ta da kara. A gindin zogale akwai tulu, ganyen dogon yaro na yawo a saman ruwan, ludayi na yashe a ƙasa. Ya duƙa ya shinshina, ya ɗauke kai da sauri.

Wani brigajen 'yan sanda da ya biyo shi ya tona tarin tokar da ke bayan madafa da sanda. Wata 'yar kwalba ta fito, babu komai a ciki.

"Wa ke jiƙa ganyen nan?" Zakariya ya tambayi Inna, matar mamacin, tsohuwa wadda idonta ya yi rauni.

"Zuhura, ɗiyarmu. Ita ke jiƙawa, ita ke tara toka."

Zuhura tana tsaye da jariri a baya. Mijinta ya rasu bara, ta dawo gidan ubanta.

"Ke kika ba shi ya sha?"

"Ni ban ba shi komi ba."

"A'a, Zuhura," in ji Inna, ba tare da ta san abin da take jawowa ba. "Ai na ji shina cewa ki miƙo ludayi."

Nan take matan gidan suka juyo suna kallon Zuhura. Aka kwance jaririn aka miƙa wa Inna, aka tafi da Zuhura. Yayanta Sa'adu yana zaune a zaure cikin masu gaisuwa, bai ɗago kai ba.

A komisariya, komiser, shugaban wurin, ya ce magana a fili take. Tulunta, tokarta, hannunta, ga ƙarya a kai. A rubuta a kai ta gaban alƙali, daga nan sai gidan kaso. Zakariya ya roƙi a ba shi lokaci kaɗan. Aka ba shi, ba da son rai ba.

Ya sa aka fito da Zuhura. Gaban rigarta ya jiƙe da nono.

"Don mi kika yi mini ƙarya?"

"Tsoro, Mushe. Na ga kowa ni yake kallo."

"To hwaɗa mini yadda kuke yi. Daga farko."

Ta share ido. Ta ce da yamma take tsinko ganye ta daka ta jiƙa a tulu ya kwana. Da an fito sallar asuba Baba zai sha ludayi ɗaya, sannan ya tace sauran a bokiti, ya sa sabulu da barkono, ya ajiye. Sai rana ta yi sanyi zai yayyafa wa shukar da tsintsiya.

"Sha yake yi? Maganin tsutsa?"

"Kahin a sa sabulu ai magani ne. Tun zazzaɓin da ya yi da damina ya kama sha, ya ce ya ji daɗin jikinsa."

"Bai ji wari ba?"

"Mura gare shi kwana biyun nan. Ya dai ce yau ya hi kullum ɗaci. Ya yi dariya ma."

Ta ƙara da cewa, "Murna yake, Mushe. Bana tsutsa ta so ta cinye shu ɗin nan, sai kwanan baya duk ta mutu. Ya dinga cewa dogon yaro ya yi aiki, a zo a gani. Abu guda ya dame shi, wai ƙudan zuma sun bar zuwa huren kabewa."

Zakariya ya auna maganar a ransa. Ruwan dogon yaro korar tsutsa yake yi a hankali, ba ya kashe ta rana ɗaya, ba ya kuma hana zuma zuwa. Ke nan maganin kwalba ya jima yana shiga garkar nan, ba yau ya fara ba. Wanda ke son kashe mutum ba zai tsaya yana kashe masa tsutsa ba.

Washegari ya shiga kasuwa. A layin masu iri akwai rumfar Ɗangoggo, mai sayar da taki da magungunan feshi, maƙwabcin mamacin. Zakariya ya ajiye kwalbar a kan tebur.

"Irin taka ce?"

"Kai, Mushe! Wannan ko'ina akwai ta. Kornaka akwai, Ajekoriya akwai."

"Ka sayar ma wani na gidan Malam Mahamadu?"

"Ni? Allah ya jiƙan shi, mutumen da ke wucewa nan shina toshe hanci? Cewa yake ni mai saida ajali ne. Gidan nan ba su sayen komi wurina. Sa'adun ma tun da ya dawo daga Agadas ko gaisuwar kirki ba mu yi ba."

"Na ce maka Sa'adu?"

Ɗangoggo ya kama gyaran buhunan da ba su karkace ba.

"Hira ce ta kawo, Mushe."

"To. Kar ka yi nisa da gari."

Daga nan ya koma gidan makoki. Maza na zaure ana addu'a. Ya nemi izini ya shiga ciki. Jaririn Zuhura yana ta kuka a cinyar Inna, ya ƙi kunun da ake ɗura masa. A ƙofar ɗakin Sa'adu wata matashiya mai tsohon ciki tana yanka tumatir a faranti. Hamdiya ce, matar Sa'adu. Tumatir ɗin manya ne, sumul, daga baƙar leda take ciro su.

"Sannu da aiki. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Mushe."

"Wannan na garka ne?"

"A'a, na kasuwa ne. Maigida ke sawo mini."

"Ga garka a bayan ɗakinki?"

Ta ɗan yi murmushin kunya. "Nima haka na ce. Da can ina shiga in tsinka in ci a tsaye, kowa na gidan nan haka yake yi, ko wankewa ba mu yi. Sai ya hana ni. Ya ce kar in kuskura in taɓa ko ganye ɗaya sai na sauka. Ranar da ya gan ni da salati a hannu sai da ya buge shi. Baba ma ya ji haushi, ya ce mi abincinsa ya yi."

"Tun yaushe ya hana ki?"

"Wajen lokacin da tsutsa ta yi yawa."

Zakariya ya gode mata. Ya aika a kira masa Sa'adu, ya ce a same shi cikin garka.

Sa'adu ya shigo. Dogo ne, ya rame, idanunsa sun yi ja. Kabu-kabu yake yi da moto tun dawowarsa. Shukar ta fara laushi, ba wanda ya ba ta ruwa.

"Aikin mi ka yi a Agadas?"

"Garakin albasa."

"Can ana feshi?"

"Ana yi."

"Ka san Babanka na shan ruwan tulun nan?"

"Ban sani ba. Daga masallaci nake wucewa aiki."

"Wannan na yarda. Wa ya zuba magani a ciki?"

"Ai kun kama mai shi."

"Ƙanwarka."



Zakariya ya tsinko tumatir ɗaya, ya murza shi a tafin hannu. "Tsohon bai kai ga yayyafa ruwan ranar ba. Kenan garkar nan lafiya lau take. Kira mini Hamdiya ta ci wannan a gabana."

"A'a."

"Don mi?"

"Ciki gare ta."

"Ciki ke hana cin tumatirin da aka yi da toka da kashin awaki?"

Zakariya bai ɗaga murya ba.

"Ka kare matarka, ka kare abin da ke cikinta. Uwarka da ƙanwarka mai shayarwa ka bar su suna ci. Ɗangoggo ya ambaci sunanka tun ban tambaye shi ba. Yanzu ɗan Zuhura na can na kukan nono. Ka ji shi ai, daga nan ma ana ji."

Sa'adu ya zame ya zauna a kan kunyar shu.

"Taimakonsa na so yi," ya ce. "Wallahi taimako. Mushe, ka san wahalar ruwa a garin nan. Tsoho shina ɗaukar bokiti har bayansa ya lanƙwashe, sannan tsutsa ta zo ta cinye. Na ce Baba a sa magani kaɗan. Ya ce in na kawo kwalba gidan nan in nemi wani uban. Sai na riƙa ɗiga murhi ɗaya cikin bokitinsa in na dawo cin abincin rana. Tsutsa ta mutu. Ya yi ta murna. Na ce to, mi ya ɓaci?"

"Ranar fa?"

"Zan wuni kasuwar Kornaka, ba ni nan da rana. Sai na zuba a tulu tun da magariba. Na ga tulu ya hi bokiti girma, na juye sauran duka. Kwalbar na tura cikin toka."

"Sai ka ɗauke shi zuwa likita."

"Ban kai ga hita gari ba aka kira ni. Na ɗaure shi a bayana da rawani. A hanya ya yi amai a kahwaɗata." Ya rufe fuska da hannu. "Na ji warin. Nan na gane."

"Majo ya tambaye ka."

"Ya tambaye ni. Baba na kwance idonsa biyu, shina kallona. In na hwaɗa, zai ji. Zai san ni ne, zai san ba dogon yaronsa ba ne. Na ce bari ya ɗan samu sauƙi tukuna. Na ce hawan jini ne."

"Da aka tahi da Zuhura?"

"Na ce za ku sake ta. Tun jiya nake cewa an jima zan yi magana."

Zakariya ya jefar da tumatir ɗin bayan darni. Ya kira brigaje. Bai bari a sa ankwa a cikin gida ba, ya ce sai an fita zaure. Ya kuma faɗa wa matan kada kowa ya ƙara cin komai na garkar, a tuge a ƙone.

Inna ta ji takun su suna wucewa.

"Sa'adu ne? Ina za ka, ana makoki?"

"Komisariya, Inna."

"To ka taho mini da ƙanwarka. Yaron nan ya ƙi komi."

A ƙofar komisariya suka haɗu. An fito da Zuhura, tana riƙe da takalmanta a hannu. Ta ga yayanta, ta ga ankwar. Ta dubi Zakariya, ya gyaɗa mata kai.

"Zuhura," in ji Sa'adu. "Ban san shina sha ba."

"Na yarda, Yaya," ta ce a hankali. "Amma ka san ni ban zuba ba."

Ta sa takalmanta ta kama hanyar gida da sauri. Brigaje ya riƙe hannun Sa'adu ya shiga da shi ciki.