Baba, Na Sauko Lafiya

Ana yayyafi ranar da Shifa ta fara ganinsa. Wata ƙaramar jarida ce ta turo ta daga Birmingham, ta ɗauki hotunan gasar saran itace da ake yi duk shekara a wani ƙauye a bayan Manchester, inda kakannin mutanen garin masu yankan katako ne. Turawa ƙarti sai sara suke yi, ɓarɓashin itace na tashi sama. Baƙar fata ɗaya ne tak a cikinsu, dogo, siriri.

Ta saita kyamara a kansa. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya murza, ya kama ƙotar gatari. Ta ga leɓensa ya motsa, ta kuma gane abin da ya faɗa. Bisimilla ya yi.

Na uku ya zo. Yana saukowa daga kan gungumen ta tare shi.

"Sannu da aiki, Mai Gatari."

Ya waiwayo a firgice. "Ikon Allah! Hausa a nan? Da na san ana kallona ai da na ɗaya zan zo."

"Kwantar da hankalinka, hoto ba ya faɗin na nawa mutum ya zo."

Sunansa Gidaɗo, ɗan Gembu, ɗan mai yankan katako. Karatun gandun daji ne ya kawo shi jami'a, yanzu kuma hukumar gari yake yi wa aiki. Shi ke hawa bishiyoyin gari yana sare ruɓaɓɓun rassa kafin su faɗo wa mutane. A wani ƙaramin gida yake zaune a unguwar Longsight da ke Manchester.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "'Yar Kyamara, kin tafi da hotona, kin haɗa da nutsuwata. Wanne za ki fara dawo min da shi?"

Ta amsa: "Hoton dai. Ɗayan sai ka zo unguwarmu Lozells da kanka."

Bayan wata bakwai ya zo, da shadda fara da hula. Mahaifinta, Injiniya Bara'u, ya karɓe shi da fara'a, Umma ta dafa tuwo miyar kuka. Komai na tafiya daidai, har Shifa ta ɗauko babban hoton nan da ta wanke ta miƙa wa mahaifinta cikin alfahari.

"Abba, ka ga yadda na fara ganinsa."

Injiniya Bara'u ya dubi hoton: saurayi ya murza tafin hannu, gatari a jingine da ƙafarsa. Fuskarsa ta canza. Ya kife hoton a kan tebur, ya tashi ya hau sama, bai ko yi wa baƙon sallama ba.

Washegari magana ɗaya ya yi. "Ba zan ba mai gatari 'yata ba."

"Abba, digiri biyu gare shi!"

"Ko goma ne."

Kowa ya ɗauka raini ne. Gidaɗo ma haka ya ɗauka, ya kuwa ji ciwo har cikin ransa, don da gatari ubansa ya ciyar da su. Ana cikin haka sai Dakta Nazir, likita a unguwar Withington, ɗan aminin Injiniya, ya fara zuwa gaisuwa Lozells. Magana ta kai masallacin Longsight, kafin ta isa kunnen Gidaɗo ta zama wai har an sa rana.

Ya rubuta mata: "Na ji labari. Allah ya sa alheri. Hannun likita ya fi nawa laushi."

Ta karanta sau uku, hawaye na ɗiga a kan wayar. "Ba a sa ranar kowa ba. Amma tunda ka yarda da maganar bakin masallaci ba ka tambaye ni ba, shi ke nan."

Wata biyu ba wanda ya nemi wani. Shifa ta ajiye kyamara, ta daina cin abin kirki. Ta faɗa wa Nazir gaskiya, shi kuma ya janye cikin mutunci. Mahaifinta yana ganin yadda take ramewa. Yakan tsaya a ƙofar ɗakinta da hannu a ɗage, sannan ya sauke bai ƙwanƙwasa ba.

Wata Lahadi bayan la'asar ta shiga falo, ta tarar da shi zaune da hoton nan a kan cinyarsa. Ashe bai jefar ba.

"Zo ki zauna, uwata," ya ce. "Na ce muku babana ɗan kasuwa ne. Ba haka ba ne. Mai saran itace ne."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Haka yake tofa yawu ya murza hannu. Sak haka. Ina shekara tara aka aike ni in kai masa fura daji. Ban san ba a tsayawa inda bishiya za ta kwanta ba. Ya hango ni, ya yar da gatari, ya rugo ya ture ni." Ya shafa hoton. "Maɗaci ne babba. Ni na dawo gida da ƙwaryar fura, shi kuma aka ɗauko shi. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, Shifa. Shekara arba'in da shida ina ƙoƙarin tuna fuskarsa, sai kika miƙo min hannuwansa."

"Abba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ga yadda mahaifiyata ta zauna tana kallon hanya. Ba na son ki yi irin zaman."

Ta kifa kai a gwiwarsa, suka yi kuka tare.

Ranar Talata Injiniya ya hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, bai faɗa wa kowa ba sai Umma. Ya yi tambaya har ya sami Gidaɗo a wani lambu, rataye da igiya a saman bishiya. Ya tsaya nesa, bai iya ɗaga kai sosai ba har saurayin ya sauko.

Gidaɗo ya cire hular kwano ya durƙusa. "Baba, barka da zuwa. Na cire sunana daga gasar bana. In aikin ne ma ba ka so, zan nemi na ofis."

"Ban zo raba ka da sana'ar ubanka ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ka sara, me kake fara dubawa?"

"Mutane, Baba. Sai na zagaya bishiyar na tabbata ba kowa, na share hanyar gudu, na kafa mai tsaro. In na ga ko yaro ɗaya a kusa, ba na taɓa ta."

Injiniya Bara'u ya juya baya ya goge ido da hannun riga. Sannan ya juyo.

"Ka mayar da sunanka gasar. Ka kuma kira ta ka ba ta haƙuri, ta rame. Amma da sharaɗi. Duk ranar da ka hau sama, in ka sauko ka sanar da ita. Kada ta yi zaman jira."

"Zan sanar da ku duka biyu, Baba."

Kafin jirgin Injiniya ya isa Birmingham, saƙo ya riga shi: "'Yar Kyamara, na yi wauta. Ki yafe wa Mai Gatarinki."

"Na yafe. Amma sai ka zo na ɗaya."

Na biyu ya zo a bana. Injiniya Bara'u yana bakin fili, ya damƙe hannun Umma, bai saki ba sai da gatari ya tsaya. Da aka watse, ya nemi a miƙo masa gatarin. Ya tofa yawu, ya murza hannu, ya kama ƙotar. Shifa ta ɗauke shi hoto. Hoton yana rataye a falonsu, a wurin da ya kamata na kakanta ya kasance.

An ɗaura auren ranar Asabar a masallacin unguwa a Lozells. Da za a tafi da amarya Manchester, mahaifinta ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya dawo miki da shi gida kullum da ƙafafunsa."

Har yau, in biyar na yamma ta kusa, Injiniya Bara'u yakan ajiye waya a gabansa, ba ya jin maganar kowa. Sai ta yi ƙara, ya sa tabarau ya karanta: "Baba, na sauko lafiya."

Sannan ya ce, "Alhamdulillahi," ya tashi ya yi alwala.