Faretin da Saja Haggai Bai Sallama Ba

Niƙa kawai ya je ɗaukowa. Gwiwar matarsa Keziah ta kumbura tun safe, shi ne Saja Haggai ya ɗauki kwano ya nufi gidan injin da kansa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana daka wa ƙarti tsawa a bariki, yau ga shi cikin layin mata yana jiran garin dawa, ba mai ko matsa masa. To, haka ritaya take yi da mutum a Zuru.

Layi bai zo kansa ba sai da rana ta faɗa bayan duwatsu. Hanya biyu ce zuwa gida. Akwai doguwa ta bakin titi, wadda yake bi wata uku ke nan. Akwai gajeruwa, ta filin da aka kafa mutum-mutumin sojan ruwa. Ya dubi ƙafafunsa da ke zugi, ya ja tsaki, ya bi gajeruwar.

Ƙungiyar tsofaffin sojojin unguwa ce ta gina mutum-mutumin da siminti: saurayi da farar hula, hannu a goshi yana sarawa. A ƙasansa sunaye biyar, 'ya'yan unguwar da jirginsu ya kife can kudu shekara huɗu da suka wuce, ba a samu gawar ko ɗaya ba. Na biyar shi ne Francis Haggai, ɗansa ɗaya tak. Ranar buɗewa, wata uku da suka wuce, Haggai aka ba fareti. Ya ce a ƙame, tsofaffi suka ƙame. Sai ya shiga kiran yaran ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake kiran suna da safe a bariki, yana cewa kowa ya shigo layi. Da ya zo kan na biyar, murya ta ƙi. Ya juya ya bar filin yana kuka a gaban mata da yara, jama'a suka watse da kansu. Faretin nan dai babu wanda ya sallame shi. Tun ranar kunya ta hana shi bi ta wurin.

Ya shigo filin kansa a sunkuye. Daga masallacin bakin kasuwa ana kiran sallar magariba, kwaɗi da gyare sun cika wuri da kuka. Taku goma ya yi, komai ya ɗauke ɗif.

Sai wari. Ƙarnin ruwa ne mai gishiri, haɗe da na tsohon man inji. Haggai ya tsaya. Sati biyu rabon Zuru da ruwan sama, amma takalminsa na nutsewa a laka.

Ɗis. Ɗis. Ruwa ne ke ɗiga daga hannun mutum-mutumin.

A gabansa ya ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, irin ta takalmin soja da ya cika da ruwa in mai shi ya sauya ƙafa a ɓoye. Ai ko a mafarki ya san wannan ƙarar. Ita yaro ke yi in ya kusa faɗuwa a fareti, yana tsoron kada saja ya gani.

Ya dubi ƙasa. Sawun mutum biyar a jere, dugadugai a haɗe, ruwa na taruwa a cikin kowanne. A saman sawun babu kowa.

"Saja," wata murya ta raɗa. "Mun gaji."

Kwano ya suɓuce, gari ya zube a laka.

"Wane ne?" in ji Haggai. Da ƙyar shi kansa ya ji abin da ya ce.

"Baba."

Wayyo. Daga ƙarshen layi ta fito, daga sawu na biyar. Muryar nan ce mai ɗan kauri da take kiransa a waya kowace Lahadi bayan coci.

"Kai ka kira mu, Baba, muka zo. Daga nesa muka zo. Tun ranar muke tsaye."

Haggai ya ja da baya zai gudu. Muryar farko ta sake magana, ba faɗa, ba fushi, gajiya kawai. "Mai fareti ba ya tafiya ya bar yaransa a tsaye. Dawo wurinka, Saja."

Dugadugansa suka haɗu da kansu, ƙas. Hannuwa suka manne da cinya. Ya ƙame, ba da sonsa ba.

Sanyi ya kama idon sawunsa, ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Ido bai ga ruwa ba, amma jiki ya san ruwa ne, mai nauyi, yana kaɗawa.

Ya san maganin. Kalma biyu ce ta sallamar fareti, ya faɗe ta sau dubu nawa a rayuwarsa. Amma in ya faɗa, Francis zai tafi, kuma babu kabarin da za a je a same shi. Shekara huɗu yana roƙon Allah ya ji muryar nan ko sau ɗaya. Yanzu kuma da bakinsa zai kore ta?

"In na sallame ku," ya raɗa, "ina za ka?"

"Ban sani ba, Baba. Amma dai zan zauna."

Ruwa ya kai ƙirji.

"Bari in kira uwarka. Nan kusa ne. Ta ji ka ko kaɗan."

"Ba za ka kai ba."

Ruwa ya kai wuya. Gishiri ya cika masa baki, ya fito ta hanci.

A ƙarshen layi, takalmi ya sake sauya ƙafa. A hankali, don kada uban ya ji.

Haggai ya ɗaga haɓa, ya jawo ragowar numfashinsa.

"Fareti! A huta!"

Ƙafa biyar suka bugi laka lokaci guda.

"A watse!"

Wata doguwar ajiyar zuciya ta ratsa filin. Ya ji takunsu suna tafiya, ba a jere ba, kowa na jan ƙafa. Ɗaya ya ɗan dakata kusa da shi, sannan ya bi sauran.

Haggai ya kife yana aman ruwan gishiri. Da rarrafe ya kai ƙofar gida.

Kwana uku ya yi da zazzaɓi. A na huɗu ya gaya wa Keziah komai, bai rage ba. Ba ta ce ƙarya yake ba, ba ta ce tsufa ne ba. 

"Baban Francis," ta ce, "wata uku ɗana yana tsaye a bayan gidana, ka sallame shi ban ji shi ba?"



Filin ya bushe. Yara sun koma buga ƙwallo a ciki, awaki na kwana a gindin simintin. Kullum da magariba Keziah takan je ta zauna, ta kira sunan sau uku, ta saurara, sannan ta tashi. Haggai ne ke ɗaukar mata kujera, zuwa da dawowa. Ba ta yi masa magana a hanya.