Tabon Jak a Jikin Fijo

Ranar da Isma'ila ya fara ganin Nusaiba, tana tsaye ne a gefen titin da ya taso daga Babbar Kasuwa, ta riƙe ƙugu tana hararar tayar wata tsohuwar Fijo da ta yi faci. Ya faka babur, ya gyara zaman hula.

"Sannu 'yan mata. Koma inuwa, yanzu za ki ga aiki."

Mai sayar da shadda ne fa, bai taɓa canza taya ba a duniya, amma idon yarinyar ya riga ya tafi da hankalinsa. Ya zaro jak daga but, ya cusa shi inda hannunsa ya kai, ya hau juyawa.

"Malam tsaya, ba nan ake sa..."

Ƙwas. Ƙarfen da ke ƙasan ƙofa ya lotsa ciki. Nusaiba ta dafe kai ta ce, "Sannu Injiniya. Ka kashe ni."

Ita ta canza tayar da kanta, tsaf. Gogan naka kuwa fuskarta ya tsaya kallo maimakon hannunta. Duk da haka bai bar wurin ba sai da lambarta, wai don ya ci gaba da ba da haƙuri. Haƙurin nan ne ya miƙe har ya zama so.

Matsalar ita ce motar ta mahaifinta ce, Alhaji Sambo na Unguwar Dosa. A cikinta aka kawo masa marigayiya mahaifiyar Nusaiba tana amarya, kuma har gobe shi yake wanke ta da hannunsa. Da ya ga tabon, shafa shi kawai ya yi, ya karɓe mukulli. Da kawun Isma'ila ya zo nema masa izinin zance, amsar ba ta da tsawo.

"Yaron da bai san abu ba, kuma bai iya tambaya ba? An ce masa tsaya bai tsaya ba. Ba zan ba shi 'yata ba."

Sai ga Khalid, ɗan aminin Alhaji, ya samu ƙofa. Tunda an karɓe mukulli, shi ya riƙa kai Nusaiba makarantar da take koyarwa. Isma'ila ya hango su a Unguwar Sarki, kishi ya turnuƙe shi, ya tura mata saƙo.

"Na ga motar mai sanyi ce. Allah ya sanya alheri."

"Injiniyana sarkin fushi. A baya na zauna, kuma Abba ne ya sa. Zuciyata tana kan wani babur mai ƙara. In kana sona, bar kumbura fuska ka zo ka ɗauki darasi."

"Na zo, hasken idona. Fara."

"Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. Ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka yi wa tayar da ke ɗaya kusurwar waigi da dutse. Ka sassauta notuna tun motar na ƙasa. Jak yana da wurinsa da aka ƙarfafa, ba ko'ina ba. Kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ina da sauran aiki da kai."

Ya yi ta gwadawa a motar yayansa har hannunsa ya yi kanta. Sannan ya rubuta, "Wurin jak na Fijo fa, a ina yake?"

"Kowace mota da nata. Wannan kam mai ita za ka tambaya."

Wata Asabar bayan la'asar ya sa babbar riga ya tafi gaida Alhaji da kansa. Ya tarar da shi da Khalid a ƙofar gida, ga Fijo tayar baya a kwance.

"Ga shi ina son fita," in ji Alhaji, bai kalli kowa ba.

Khalid ya zaro waya. "Baba, bari in kira mai faci. Ai ma motar nan ta gaji, da ka bari an sauya maka ita."

Alhaji ya yi masa wani kallo. Isma'ila ya cire riga ya ninke.

"Baba, ƙasar nan yashi ce, jak zai nutse. Ko akwai katako mai kauri?"

Aka samo. Ya ja birki, ya sa giya, ya yi waigi, ya sassauta notuna. Sai ya durƙusa da jak a hannu, ya ɗago kai.

"Baba, ban san wurinsa a wannan motar ba. Wancan karon ban tambaya ba, na yi maka ɓarna. Ka nuna mini."

Alhaji ya tattare riga ya durƙusa kusa da shi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan ƙarfen. "Nan. Taɓa ka ji kaurinsa."

Motar ta tashi a hankali, ko ƙara babu. Isma'ila ya tura tayar da ya cire ƙarƙashinta saboda tsaro, ya sa ta ajiya, ya janye waccan, ya sauke motar, ya ɗaure notuna wannan daura da wancan. Sai ya jujjuya tayar da ya cire.

"Baba, ban ga ƙusa ba."

"Ba za ka gani ba, ni na sace iskar. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Daga bayan ƙyaure aka ji wata 'yar dariya da gudun takalmi.

Ranar kai amarya motoci na zamani sun yi layi, amma a Fijo aka ɗauki Nusaiba, a kujerar da mahaifiyarta ta zauna. Ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Da ango ya nemi izinin kai motar a buge tabon, Alhaji ya girgiza kai.

"Bar shi. In na ga kujerar can in tuna uwarta, in na ga tabon nan kuma in tuna ranar da na samu ɗa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Kowa ya ce amin, har da Khalid.