Injin Yanka Dutse na Malam Jaji

A baro ta turo injin, lulluɓe da tsohon buhu, har bakin rumfar Ɗalha mai gyaran injin niƙa a bayan kasuwar Birnin Gwari. Ya yaye buhun, ya ga ƙarfe duk tsatsa, ga wani faifai a tsage, ba shi da haƙora.

"Malama, wannan me yake niƙawa?"

"Ba ya niƙa. Duwatsun ado yake yankawa. Na Babanmu ne."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Gumi ya jiƙa mata gefen mayafi, idanunta kuwa na wadda ta daɗe ba ta yi dariya ba. Ya turo mata benci.

Sunanta Huraira. Mahaifinta, Malam Jaji, shi ke yanka duwatsun da masu haƙa ke kawowa Kakangi, shi da wanta Yero. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, a gindin injin suka tarar da Yero, a nan kuma suka bar shi kwance. Iyalin suka gudo Birnin Gwari. Malam Jaji ya zauna a zaure ya daina fita, ko sunan ɗansa ba ya bari a ambata. Da wani mai mota ya kwaso musu sauran kaya har da injin, cewa ya yi a ba 'yan gwangwan.

"Na kasa," in ji ta. "Dubi nan inda fenti ya goge. Wurin dafa hannun Yaya Yero ne."

Ɗalha bai taɓa gyara irinsa ba, amma ya ce ta bar shi.

Ya jiƙa notina da kalanzir har suka saki, ya kankare tsatsa, ya canja boris da bel. Da ya zo yin fenti, sai ya zagaye wurin nan bai taɓa shi ba. Ranar da Huraira ta gani, ta juya baya tana share ido. Daga ranar ta fara zuwa da fura a kwano, ta daina ce masa Malam, ta koma Injiniya.

"Hure, yau injinki ya juya, amma ni rumfar ta yi mini faɗi da ba ki zo ba," ya rubuto mata ta waya wani yammaci.

"Injin kake gyarawa ko ni?" ta mayar.

"Duk wanda ya fara warkewa."

Akwai wani Muttaka mai sayen zinare da ya nemi Huraira ta ƙi shi. Shi ya kai wa Malam Jaji labarin gyaran injin da abin da ke tsakaninta da Ɗalha. Don haka da kawun Ɗalha ya zo neman iznin magana, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

"Saboda ƙarfen nan aka ɗauka muna da dukiya, aka kashe mini yaro. Wanda ya tayar da shi ba zai shigo gidana ba."

Huraira ta rubuta wa Ɗalha: "Injiniya, ka bar aikin, ka bar ni. Ba zan ƙara wa Baba ciwo ba."

"Hure tawa, ba zan saɓa wa Baba ba. Faifai kaɗai ya rage. Gobe zan sayo a Kaduna in gama miki. Ko ba a ba ni ke ba, ki sami abin tunawa da Yayanki."

Daga nan shiru. Ta kira, waya a kashe. Muttaka ya ce ai Ɗalha ya sami wata a Kaduna, har ta fara yarda. Sai direban motar da Ɗalha ya shigo ya dawo da faifan a kwali. 'Yan bindiga sun tare su a hanyar dawowa, direban ya tsere, an kora fasinjoji daji har da Ɗalha.

Damina ta wuce kafin a sako shi. Ta same shi a rumfa ya rame, yana ɓoye hannun dama cikin riga. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ta kashe masa yatsu.

"Ki yi haƙuri, Hure. Ko noti ba na iya ɗaurewa."

Ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, Yaya Yero ya tafi, ba mu iya yi masa komai ba. Wannan yana raye. Saboda mu ya shiga dajin."

Washegari da hantsi Malam Jaji ya sa hularsa, ya ce ta wuce gaba.

Da suka isa rumfar, ya daɗe tsaye a kan injin. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗaura faifan da kansa, ya ce a tayar da janareta. Ya sa dutse, ƙara ta cika rumfar.

"Ba a yi a bushe. Zuba ruwa, Yero!"

Ɗalha ya ɗauki buta da hagu ya zuba. Sai da dutsen ya rabe biyu tsohon ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya zauna a benci ya yi kukan da ya daɗe yana riƙewa, ba wanda ya hana shi. Da ya natsu, ya kama mataccen hannun ya jujjuya shi.

"Ɗana, ka turo kawunka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, ba kiɗa ba taro mai yawa, don kusan kowane gida a unguwar akwai wanda aka rasa. Malam Jaji ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya hana ku ganin abin da na gani."

Da aka watse, Ɗalha ya ce a hankali, "Mai hannu ɗaya kika aura fa, Hure."

"Na gani kafin in amsa," in ji ta, tana jawo kwanon ruwan ɗumi. "Miƙo shi in gasa maka."