Kwandon Inna Jaratu

"Inna ta ce a fasa."

Adawiyya ta tsaya a bakin shagon da lema a hannu, ruwa na ɗiga kan ƙafarta. Halilu bai ko ɗago daga keken ɗinkinsa ba.

"A fasa me, sheri, masoyina?"

"Kin sani."

"Auren?"

Ya jawo sabon littafinta daga ƙarƙashin shadda, ya tura mata shi a kan tebur kamar abin da ke ƙona hannu.

"Na faɗa miki ne don ke ce, Adawiyya. Ke kaɗai! Ban faɗa wa duk ƙasar Kamaru ba."

"Ai na canja sunaye... har garin na mayar Ngaundere."

"Kwandon fa?"

Ta kawar da kai daga littafin.

Wanda ya san Adawiyya Garga zai gane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga unguwarsu ta Briqueterie har Garwa babu budurwar da ba ta taɓa ƙona miya saboda littafinta ba, kuma bakinta ya fi littattafan suna. Wani ɗan rediyo ya taɓa tambayarta me ya sa ta wuce talatin ba aure, ta ce masa ta aurar da mata da yawa a takarda, har yau babu wadda ta dawo ta gode mata. Wani alhaji kuma ya ce zai aure ta in ta ajiye biro, ta ce ya yi haƙuri, biron ne ya riga shi kawo gaisuwa.

Yadda take aiki kuwa, kunne take kasawa. A taksi, a layin masu tsiren da ake kira soya, a kasuwar Mokolo, duk maganar da ta faɗi ƙasa sai ta tsince ta. Mutane na dariya su ce a yi hankali, ga Adawiyya nan. Ba ta taɓa tunanin wata rana za ta tsinci abin da ba yasar da shi aka yi ba.

Mahaifin Halilu, marigayi Malam Hamadu, shi ne gwanin surfani na unguwar. Da idonsa ya mutu, babu wanda ya sani. Yana zaune a shago da baƙin tabarau yana karɓar aiki, matarsa Jaratu na yin surfanin a cikin gida. Kullum da azahar ta kawo masa abinci a wani ƙaton kwando, rigunan mutane na naɗe a ƙarƙashin kwanoni. Wannan ne sirrin da Halilu ya ba Adawiyya wata rana yana share ido, ita kuma daɗin labarin ya ɗebe ta, ta zuba shi a littafi.

Kwandon ne ya tona. Duk tsohuwar da ke unguwar ta tuna shi, don an sha tsegumin cewa Malam Hamadu ci gare shi.

"Wa ya karanta wa Inna?" in ji Adawiyya.

"Salwa."

Dama ta zata. Salwa 'yar ƙanwar Inna ce, ta daɗe tana kai wa Halilu abincin da bai roƙa ba.

"Halilu, dube ni mana... Wallahi don na girmama ta na rubuta."

"Kin tambaye ta?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai.

"Ina son ki, Adawiyya, har yanzu da nake maganar nan. Amma uwa ɗaya gare ni."

Kwanakin da suka biyo baya ko layi ɗaya ta kasa rubutawa. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta shirya wa Salwa baƙaƙen maganganu masu daɗin gaske, duk ta haɗiye abinta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san Halilu ne mai gaskiya. Tana son mutumin nan da bai iya daɗin baki ba, wanda in ya rasa abin faɗa sai ya gyara mata bakin mayafi.

Ranar Juma'a da hantsi ta gangara lungun gidan su Halilu, jar laka na kama mata takalmi. Ta cire shi a ƙofar ɗaki, ta yi sallama, ta durƙusa.

Inna Jaratu na kan tabarma tana ɓarar agushi, Salwa na gefe tana latsa waya.

"Ke ce mai bakin nan da aka ce ya fi reza?"

"Na bar shi a ƙofa tare da takalmina, Inna."

Gefen bakin tsohuwar ya motsa, ta yi saurin ɗaure fuska.

"Me ya kawo ki?"

"Na ɗauki abin da ba nawa ba, ban roƙa ba. Na zo ki yafe min."

"Sai ki daina rubutun, in da gaske kike," in ji Salwa. "Sa sufi, ya isa haka! Kin gama da mutanen Brik, unguwar nan tamu, kin dawo kan matattu."

Adawiyya ba ta kalle ta ba.

"Inna, in na ce zan daina, ƙarya na yi miki, kuma ban zo da ƙarya ba. Amma wannan littafin zan janye shi daga kasuwa, ko an yi auren ko ba a yi ba."

Inna ta karkaɗe ɓawo daga zaninta.

"Karanta min."

"Ai na karanta miki, Inna!" Salwa ta yi caraf.

"Ke kin karanta, ita ta rubuta. Kuma ban manta wadda ta kai zancen kwandona gidan biki ba. Tashi ki ba mu wuri."

Salwa ta fita tana buga ƙafa.

Adawiyya ta buɗe littafin. Ta sha karatu a gaban ɗaruruwan mutane, yau ga ta gaban tsohuwa ɗaya harshenta na sarƙewa. Ta karanta zuwan makantar, ta karanta kwandon. Inna na saurare, har Adawiyya ta zo inda aka ce: "Ya zauna a shagon, ba shi da sauran amfani, matarsa na ɗauke da shi kamar yadda take ɗauke da kwandon."

"Tsaya nan."

Muryar Inna ta canja.

"Kina tsammani don an san ya makance nake fushi? Ya rasu da daɗewa, me zai same shi? Nan ne kika cuce ni, yarinya. Kin mayar min da miji abin tausayi!"

"Inna..."

"Ni da ko allura ban iya riƙewa ba! Shi ya kama hannuna ya koya min. In na gama aiki sai ya bi shi da yatsa, ya ce, Jaratu, nan hankalinki na kan tukunya. In warware ina kuka, shi yana min waƙa har in yi dariya. Ko rana ɗaya bai bar ni na ji ni kaɗai nake ba. Shi ne za ki ce ba shi da amfani?"

Hawaye suka zubo wa Adawiyya. Soyayyar da ta yi shekaru tana ƙirƙirawa ce zaune a gabanta, ita kuma ta wuce ta ba ta gani ba.

Sai aka ji shessheka daga tsakar gida. Halilu ne tsaye jikin bango da sallayarsa a kafaɗa.

"Inna, ba ki taɓa faɗa min ba..."

"Kana ƙarami, kwandon kawai ka gani. Kai ma rabin labari ka ba ta, don haka ku biyun ne masu laifi."

Ta share ido da bakin mayafi, ta juyo.

"Kin zo da biron?"

"Yana jaka, Inna."

"Ba janyewa za ki yi ba, gyarawa za ki yi. Ki sa sunansa na gaskiya, ki dawo da shi Briqueterie, ni ban san kowa a Ngaundere ba. Ba za ki shigo gidan nan da ƙarya a kan mijina ba. In kin gama, kawunnan Halilu su je a sa rana."

Halilu ya zube a bakin ƙofa.

"Adawiyyata... kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Matar da 'yan rediyo ke tsoro tana durƙushe tana kuka da biro a hannu.

Inna ta jawo kwanon agushinta, ta dubi ɗanta.

"Kai, miƙo mata bakin nan da ta bari wajen takalmi. Labarin babanka da tsawo, kuma ba na son suruka mai shiru."