Sunan Alkunyar Jikar Hajiya

Juwairiyya na zaune a falonsu da ke garin Gaithersburg, can ƙasar Turawa, jaririya a cinya, hawaye na ɗiga kan zanen goyo. Shekara da shekaru ita da mijinta Tahir suna neman haihuwa, yau ga ta ta samu, amma maganar suna ta hana gidan sakat.

"Yaya, alkawari fa na yi," ta ce wa Tahir a hankali. "Naƙuda ta kama ni kana gidan rediyo. Constance ce ta kai ni asibiti cikin dusar ƙanƙara, ta riƙe hannuna har na sauka."

Constance tsohuwar maƙwabciyarsu ce, 'yar ƙasar Ireland. 'Yarta tilo, Orla, ta rasu tun tana ƙarama, sunanta Juwairiyya ta yi alkawarin mayarwa.

Hajiya Hansatu, mahaifiyar Tahir da ta zo daga Kano, ta leƙo daga kicin.

"Or—me? Ni tunda nake ban taɓa jin sunan mace ya fara da O ba. Jikata ta fari, ina raye, a tsallake ni a ɗauko na Turawa?"

Tahir ya rasa inda zai sa kansa. Yana son matarsa kamar ransa, amma bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. Juwairiyya ta dube shi, tausayinsa ya kama ta.

"Ku yi haƙuri, Hajiya. Naku za a sa."

Ta je da kanta ta ba Constance haƙuri, ta dawo ido jawur. Abin mamaki, tsohuwar ba ta yi fushi ba. Kullum da safe sai ta shigo da tukunyar miyar dankali, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ɗauki jaririyar tana share ƙwalla. Hajiya dai ba Turanci, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta tsare Tahir da tambaya har ya ba ta labarin duka.

Ranar suna, bayan an dawo daga masallacin garin Sterling an raɗa wa yarinya suna Hansatu, Hajiya ta dubi ɗanta a gaban jama'a.

"To, kira sunan 'yarka in ji."

Tahir ya sunkuyar da kai, mata suka sa dariya. Wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsal? Ai dole a yi wa yarinya sunan alkunya.

"Sunan yanka nawa ne, na karɓa," in ji Hajiya. "Na kira kuwa na baiwar Allahn nan ne."

Ta ɗauki jikarta ta ɗora a hannun Constance, ta daidaita harshe, don ashe a ɓoye ta yi ta koyon faɗinsa.

"Orla."

Constance ta fashe da kuka, Juwairiyya ta durƙusa ta riƙe ƙafar surukarta. Da ta yi gardama, da ko ta samu sunan ta rasa zaman lafiyar gidanta. Ta yi haƙuri, Allah ya bar mata mijinta da surukarta, ya kuma cika mata alkawarinta.