Jar Saniyar Baffa

Safiya ta uku ke nan a jere da Auta ke shiga garke ta tarar da mataccen ɗan maraƙi a kan ciyawa, ko gashi bai gama fito masa ba, uwar na tsaye a kansa tana lasa. Bokitin tatsa ya suɓuce daga hannunta. Shanun nan mahaifinta ya rasu ya bar mata, amma tun ranar da Baffa, ƙanen mahaifin, ya karɓi riƙonta, ta koma mai kwasar kashi a cikin dukiyarta.

"Baffa, wata ma ta yi ɓari..." ta faɗa. "Tun da ka kawo jar saniyar nan abin ya fara. Don Allah a ware ta, a kira likita."

Mari ne ya riga amsa isowa. "Ke dai baƙin ciki ke cin ki! Don ba a hannunki suke ba, shi ne kike zuba musu guba a ruwa."

Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Aka ƙwace mata mabuɗin ɗakin madara, aka mayar da shimfiɗarta ɗakin dusa, mai gaishe ta jiya yau kau da kai yake. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ita kaɗai ke tafasa madara a gidan, yanzu kuwa ɗanya ake ɗura wa kowa. Ba a yi wata guda ba ƙaramar 'yar Baffa ta kwanta da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, gumi na jiƙa mata riga, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Nan ma aka ce Auta ce. Ta bayan bango take jin nishin yarinyar, ta kifa kai a kan buhu tana kuka. "Ya Allah, Kai ne shaidata... Kada Ka bar ta ta tafi."

Da ta ji yarinyar ta daina ko kuka, sai ta sulale a ƙafa har ofishin likitar dabbobi, ta zayyana mata komai.

Likitar ta zo da ma'aikata, suka ɗebi jinin shanu, aka wuce da yarinyar asibiti. Bayan kwana biyar ta dawo tare da 'yan sanda, ta tsaya gaban dangi.

"Babu guba a nan. Cutar ɓarin shanu ce, tana kama mutum ta ɗanyar madara." Ta kama kunnen jar saniyar ta nuna wa Baffa lambar da aka kankare. "Wannan daga gonar da muka killace ta fito, kuma mai gonar ya ce ka san da haka ka ɗauko ta. Da Auta ba ta zo ba, da 'yarka ba ta kai yau ba."

Dangi suka sunkuyar da kai, masu kuka na yi. Shanu tara masu cutar aka hallaka, biyar suka tsira, hukuma ta damƙa su ga mai su, Auta.

Da za a tura Baffa cikin mota ya waiwayo, hawaye na bin gemunsa. "Auta... 'yata tana gadon asibiti, ba ni da bakin roƙonki."

Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Ai ƙanwata ce, Baffa. Daga nan wurinta zan wuce."